Girka Karo na Biyu: Wata Uku a Jirgi Mai Filafilai

Ƙasar Girka tana da tsibirai wajen 6,000, manya da ƙanana, amma 227 ne kaɗai ke da mazauna. Duk wanda ya taɓa ganin hotonsu a kalanda ya san kamanninsu: fararen gidaje a kan dutse, majami'a mai shuɗiyar ƙubba, ruwa garau har ana hangen yashin ƙasa. Abin da hoto ba ya iya nunawa shi ne iska. Akwai wata iska da Girkawa ke kira meltemi, ita ke mulkin Tekun Ejiyan daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Satumba, ta fi kuwa ƙarfi a Yuli da Agusta. Mai jirgin filafilai, watau jirgin da iska ke turawa, ba shi da ta cewa a wannan teku sai abin da ta yarda da shi.

Masana yanayi sun bayyana dalilinta. A lokacin zafi, iskar da ke bisa Turkiyya da gabashinta takan ɗumama ta tashi sama, ta kan duwatsun Balkan kuwa tana da nauyi. Sai mai nauyin ta kwararo kudu domin ta cike gurbin, Tekun Ejiyan kuma shi ne kwararon da take bi tsakanin ƙasashen biyu. Busasshiya ce, daga arewa take zuwa kamar iskar hunturu, sai dai ba ta da ƙura. Ba hadari, ba gajimare, rana tana haskawa, teku kuwa yana tafasa.

Matuƙa suna auna iska da ma'aunin Bofot, mai hawa daga sifiri zuwa 12. Hawa na 4 shi ne na jin daɗi. A hawa na 6 mai hankali ya riga ya rage filafilansa. Hawa na 7 iska ce mai gudun kilomita 50 zuwa 61 a sa'a, meltemi kuwa takan kai nan ba wuya, wani lokaci har ta taɓa 8, ta yi kwana uku, ko biyar, ko mako guda ba ta huta ba. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne bayan tsibiri, inda ya kamata a sami mafaka, sau da yawa nan ne ta fi muni, gama takan hau dutse ta gangaro da ƙarfin da ya fi wanda ta zo da shi.

Mu da ke ba ku wannan labari miji da mata ne, 'yan arewa, aikin asibiti ya kai mu Birtaniya shekaru da yawa da suka wuce. A gaɓar kudancin Ingila muka koyi tuƙin irin wannan jirgi, a ranakun Asabar, cikin ruwan sanyi da hazo. A shekarar 2021 muka kwashi babban kaso na ajiyarmu ta tsufa muka sayi wani tsohon jirgi mai tsawon mita 11 da ke ajiye kusa da Labriyo, kudu da birnin Atina. Yana da jigo ɗaya, da filafilai biyu, da ƙaramin inji, da ɗakin kwana, da murhun gas. Da babbar yayarmu da ke Jos ta ji, sai ta bugo waya ta ce, "Ƙanena, mutane suna gina gida a garinsu, ku kun sayi kwalekwale a ƙasar wasu?" Muka ce, "Yaya, ki yi haƙuri, za ki ga hotuna." Ta ce ba hoto take tambaya ba.

Zuwan farko

Hutun da muka samu a wurin aiki a shekarar ya faɗa ne a Yuli da Agusta, ba mu ke da zaɓi ba. Nufinmu shi ne mu bi mashigin Koranti mu wuce yamma, inda iska ke da sauƙi. Amma tun watan Janairu na 2021 bangon mashigin ya zaftare ya toshe hanya, aka rufe shi shekarar gaba ɗaya. Sai ya rage mana tsibiran Sikiladis, waɗanda ke tsakiyar bakin meltemi.

Kwana biyu na fari, zuwa Keya da Kitnos, sun yi kyau. Daga nan abin ya soma. Raƙuman ruwa na Ejiyan gajeru ne, a tsaye suke, suna bin juna kusa da kusa, jirgi bai gama sauka daga ɗaya ba wani ya mare shi. Ruwan gishiri ya shiga ko'ina, har cikin burodi. A Naksos muka yi kwana shida a ɗaure, igiyoyi suna kuka dare da rana, muna tashi bi da bi muna duba ko anka tana riƙe.

Bari mu ɗan tsaya a kan yadda ake ɗaure jirgi a can, domin a nan ne rabin ɓacin ran matuƙa yake. A yawancin tashoshin Girka ba a jingina jirgi da gefe. Mutum yakan jefa anka tun yana nesa da dakalin tasha, kamar tsawon jirgi uku ko huɗu, sa'an nan ya dawo da baya-baya yana sakin sarƙa, ya kutsa tsakanin jirage biyu, ya jefa igiyoyi biyu a ɗaure masa a dakali. In iska tana bugowa daga gefe, jirgin yakan karkace kafin ya isa. Ga masu shan gahawa a bakin tasha sun zuba ido, ga maƙwabta kowa yana ihu da harshensa. Tun da kowane jirgi ya shimfiɗa sarƙarsa a ƙarƙashin ruwa, ba wanda ke ganin ta wani, sai sarƙoƙi su hau juna. Da asuba wanda zai fita ya jawo tasa ankar ya haɗa da taka, kai kana barci, jirginka ya saki ya nufi dakali. Sau uku aka yi mana haka a wata guda. A karo na uku bayan jirginmu ya bugi siminti ya tsage, mai jirgin hayar da ya jawo mu kuwa ya ɗaga mana hannu ya yi gaba.

A ƙarshen Yuli iskar ta ɗauke, sai zafi ya maye gurbinta. A wasu sassan ƙasar ya haura digiri 45. Ranar 3 ga Agusta wuta ta kama dazuzzukan arewacin tsibirin Ebiya, ta cinye kimanin hekta 50,000, har da jiragen fito aka kwashe mutane daga ƙauyukansu cikin dare. Wata kuma tana ci a arewacin Atina. Ba a kusa muke ba, amma mun ga yadda fuskokin mutane suka sauya a gaban talabijin na shaguna. Ba mai marmarin hira da baƙo a irin wannan lokaci, ba kuwa za mu ga laifinsu ba.

Mun so mu kasance a Tinos ranar 15 ga Agusta, ranar da dubban masu ibada ke zuwa babbar majami'ar tsibirin, waɗansu suna rarrafe da gwiwa tun daga tasha har ƙofarta. Iska ta dawo, ga Tinos a arewa take da mu, ba hali. Ga kuma batun takardu. Tun 2019 Girka ta sa haraji na wata-wata a kan kowane jirgin shaƙatawa da ya wuce mita 7, ana biya ta intanet. Jirgi mai tutar ƙasar da ba ta cikin Tarayyar Turai kuma yana yawo da wata takardar kwastan da ake buga wa hatimi a tashoshi. A wani tsibiri aka ce hatimin dole ne a kowace tasha, a wani aka ce wa ya aike mu. A wani kuma muka yi rabin yini a benci muna jiran mai hatimin.

Meltemi ta yi ta tura mu kudu maso gabas, komawa arewa kuwa faɗa ne da ita. A ƙarshen Agusta muka fitar da jirgin kan tudu a Leros, muka hau jirgin sama a gajiye, ba mai yi wa wani magana. Cikin kwana hamsin da wani abu, waɗanda muka yi tafiya da filafilai cikin jin daɗi ba su kai goma ba.

A 2022 muka haye da jirgin zuwa Turkiyya, muka yi hutu biyu a gaɓarta ta kudu maso yamma, mai lunguna da itatuwa har bakin ruwa. Mun ji daɗin wurin. Sai dai tsadar kaya ta taso wa ƙasar, a Oktoba na 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin ɗari bisa lissafin gwamnati, kuɗin ajiye jirgi kuma ya bi sahu har ya fi ƙarfinmu. A ƙarshen 2023 muka yi ritaya. Wani ya taya jirgin da kuɗin da bai kai abin da muka saya ba, balle abin da muka kashe a kansa. Hanya biyu ce a gabanmu: mu sayar da hasara mu ba Yaya gaskiya, ko mu kai shi yamma inda ajiya ke da sauƙi. Hanyar yamma kuwa ta cikin Girka ta bi. Muka roƙi mai tayin ya ba mu zuwa ƙarshen Yuli.

Zuwa na biyu

Bambanci na fari shi ne wannan karon mu ke da kalanda a hannu. Amma akwai iyaka. Tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, mai fasfonta kwana 90 kawai yake da shi cikin kowane kwana 180 a ƙasashen Shengen, Girka kuwa tana cikinsu. Muka zaɓi ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Yuli na 2024, da nufin mu ƙetare Ejiyan kafin meltemi ta farka sosai.

A makon da za mu tashi, iskar kudu ta kwaso ƙurar Sahara ta ƙetaro da ita Bahar Rum. Ranar 23 ga Afrilu sararin samaniyar Atina ya koma ja kamar garin da ake gobara. Mu ma mun wayi gari jirginmu ya yi butu-butu. Muka shafa da yatsa muka yi dariya, gama ƙurar da muka bari a gida ce ta biyo mu.

Muka bi ta gaban Kinidas, tsohon birnin da kangonsa ke ƙarshen wani dogon zirin ƙasa na Turkiyya. Masu karanta Ayyukan Manzanni sura 27 za su tuna da sunan. Jirgin alkama na Iskandariya da ya ɗauki Manzo Bulus, mai mutum 276 a ciki, ya yi kwanaki da yawa yana jan jiki kafin ya kai daura da wannan wuri, iska ta hana shi ci gaba, dole ya karkata kudu ya fake da tsibirin Karita. Mun sha karanta wurin ba mu ga komai a ciki ba sai sunayen garuruwa. Wanda ya taɓa ƙoƙarin yin yamma a wannan kusurwa a ƙarshen lokacin zafi ya san ainihin iskar da ake nufi. Mu kuwa a Afrilu, da inji muka wuce, teku kwance kamar tabarma.

Ranar 27 ga Afrilu muka shiga Girka ta tsibirin Kos, aka buga mana takardu cikin sa'a biyu. Daga nan muka yi arewa zuwa Batmusa, wadda Girkawa ke kira Patmos.

A shekarar nan mu mun yi Ista tun 31 ga Maris, amma Ikilisiyar Otodoks, wadda ke lissafi da tsohuwar kalanda, tata ta faɗa 5 ga Mayu. Batmusa ƙaramin tsibiri ne, mazaunansa wajen dubu uku. A kan tudunsa akwai gidan masu zuhudu na Yahaya, wanda Kiristodulos ya kafa a 1088, mai katanga kamar ta birnin yaƙi saboda 'yan fashin teku na wancan zamani. A tsakiyar hanya tsakanin tasha da tudun akwai kogon da al'adar ikilisiya ta ce a nan Yahaya ya ga wahayinsa. Hukumar UNESCO ta sa wuraren cikin kayan tarihin duniya a 1999.

Ranar Alhamis da safe muka hau da ƙafa. A dandalin garin aka kafa dakali, shugaban masu zuhudu ya tuɓe rigunansa na ado, ya ɗaura tawul, ya wanke ƙafafun mutum goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, ana rera karatun da tsohon harshen Girkanci. Ba mu ji kalma ko ɗaya ba, amma ba mu bukaci tafinta ba. Daren Asabar kuma, dab da sha biyu, aka kashe fitilu duka, firist ya fito da kyandir guda, wuta ta yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har dandalin ya haskaka. Ƙararrawa ta ɗauka, jiragen da ke tasha suka busa ƙahoninsu, samari suka yi ta harba abin wasan wuta har kunne ya toshe. Wata tsohuwa da ke kusa da mu ta ga ba mu da kyandir, ta karya nata biyu ta ba mu rabi. Kashegari wani masunci da jirginsa ke maƙwabtaka da namu ya aiko ɗansa da naman rago gasasshe da ƙwai huɗu da aka rina ja. A zuwanmu na farko ba wanda ya tambaye mu ko daga ina muke. A Batmusa sai da muka zana taswirar Nijeriya a bayan takardar burodi sau uku.

Daga nan muka fuskanci yamma. Akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Lebita, tsakanin Batmusa da Amorgos, wanda iyali ɗaya tak ke zaune a kansa da awakinsu. Sun dasa wuraren ɗaure jirgi a wani lungu mai kyakkyawar mafaka, da yamma ɗayansu ya zo da kwalekwale ya karɓi 'yan kuɗi kaɗan, ya tambaya ko za a ci abinci. Hanyar gidansu ta cikin duwatsu ce, sai da tocila a dawowa. A Amorgos muka hau matakala zuwa wani gidan masu zuhudu da aka manna a jikin dutse, kimanin mita 300 bisa teku, fari fat, faɗinsa bai wuce na ɗaki guda ba. Ana ba kowane baƙo ruwan sanyi da alewa.

Kada mai karatu ya zaci Mayu ba ta da nata. Ruwa yana da sanyi, wanka a teku sai mai ƙarfin hali. Shaguna da yawa ba su buɗe ba tukuna. Iska kuma ba ta da alƙibla guda, takan juyo daga kudu, sai lungun da ke da kyau a Agusta ya zama tarko. Dare ɗaya a wani ƙaramin tsibiri kudu da Naksos muka tashi ƙarfe biyu muka janye anka muka zagaya ɗaya gefen cikin duhu. Amma duwatsun da muka sani ƙonannu a 2021, yanzu ga su kore da furanni, tashar da muka yi kokawar samun gurbi kuwa, jirage biyar muka tarar.

Naksos ɗin nan da muka yi kwana shida muna zaginta a zuci, ashe bakin tasharta kawai muka sani. Wannan karon muka bar jirgi muka hau bas zuwa cikin tsibirin. Ita ce mafi girma a Sikiladis, tana da dutsen Zas mai tsawon mita dubu da 'yan kai, da kwaruruka masu zaitun da lemo, da ƙauyuka irin su Apirantos inda har titi da farin dutsen marmara aka shimfiɗa shi. Manoma ne na gaske, dankalin turawansu ya yi suna a duk Girka, da muka gan shi a buhuna a bakin hanya sai muka tuna da kasuwannin Filato. Wani mai shago ya yi mana kukan rashin ruwan sama shekara biyu a jere. Bai yi ƙarya ba, gama a watan Yuli labari ya fito cewa babbar madatsar ruwan tsibirin ta ƙafe. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 11 ba ta karɓi baƙi fiye da miliyan 30 a 2023, kowane baƙo kuwa yana son wanka sau biyu a rana. A ganinmu wannan lissafi ba zai daɗe yana tafiya ba. Mu dai tankinmu na jirgi mako biyu yake yi mana, da kofi muke wanke kwano.

A Sifnos, garin maginan tukwane, muka ci wani irin wake da ake sa wa a tukunyar ƙasa tun daren Asabar a tanderun itace, a ci bayan an taso daga sujada ran Lahadi. A Serifos meltemi ta fari ta same mu a ƙarshen Mayu. Muka ƙara sarƙa, muka zauna kwana biyu muna karatu da gyaran famfo, a rana ta uku ta kwanta muka wuce. Muka kwana ƙarƙashin ginshiƙan tsohon haikalin Suniyon, muka ratsa ta Egina muka sayi 'ya'yan fistashiyo, sai mashigin Koranti.

Mashigin da ya hana mu wucewa

Tun zamanin dā mutane ke son yanke wannan siririn wuyan ƙasa. Wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu aka shimfiɗa hanyar dutse ana jan jirage a kanta daga wannan teku zuwa wancan, har yau ana ganin saurarta a bakin yamma. Sarki Nero na Roma ya soma haƙa a shekara ta 67, da fursunoni Yahudawa 6,000 da aka aiko masa daga yaƙin Galili, ya mutu aikin ya tsaya. Sai a 1893 aka buɗe mashigin da ake bi yanzu. Tsawonsa ya ɗan wuce kilomita 6, faɗinsa bai kai mita 25 ba, saboda haka manyan jiragen zamani ba sa iya shiga. Bayan zaftarewar 2021 an sake buɗe shi a Yuli na 2022, aka riƙa rufewa da buɗewa ana gyaran bangon.

A bakin gabas ake biya. Kuɗin ya fi na cefanenmu na mako guda, domin tafiyar da ba ta fi minti arba'in ba, amma zagaye ta kudancin Feloponis kwanaki ne masu yawa ga jirgi irin namu. Muka jira aka kira mu ta rediyo. Gadar motoci da ke bakin mashigin ba ɗagawa take yi ba, nutsewa take yi cikin ruwa jirage su wuce ta kanta. Muka shiga a layi, mu na huɗu. Bango ta dama, bango ta hagu, sun miƙe sama kamar an yanka da wuƙa, sama ta zama ɗan siririn zare, mutane a kan gada can bisa kamar tururuwa. Wanda ke riƙe da sitiyari ba ya kallon komai sai bayan jirgin da ke gabansa. Da muka fito ta yamma, sai muka lura tun shigarmu ba wanda ya ce uffan.

Tekun Koranti yana da iskar yamma da ke tasowa da rana, saboda haka da asuba muke tafiya. Galaksidi ya tsaya mana a rai. A ƙarni na 19 garin yana da ɗaruruwan jiragen filafilai na fatauci, da jiragen tururi suka zo mutanensa ba su sauya ba, arziki ya wuce su ya bar musu manyan gidajen kyaftin-kyaftin da tasha shiru. A Nafaktos, wadda Turawa ke kira Lepanto, akwai mutum-mutumin Sabantes, marubucin Sifen da ya ji rauni a hannun hagu a babban yaƙin teku na 1571. Gaba kaɗan sai gadar Riyo, mai ginshiƙai huɗu, wadda aka buɗe a Agusta na 2004. Ana kiran masu kula da ita ta rediyo a faɗi tsawon jigon jirgi, su faɗi tsakanin ginshiƙan da za a bi. Ko da mutum ya san akwai sarari mai yawa, in ya ɗaga kai sai ya ga kamar jigon zai taɓa.

Tekun Ayoniya wata duniya ce dabam. Tsibiransa kore ne, suna samun ruwan sama da yawa. Iskarsa tana da ladabi: safiya shiru, wajen azahar ta taso daga arewa maso yamma, ta tura jirgi sa'a huɗu ko biyar, da faɗuwar rana ta kwanta. A nan muka yi tafiyar filafilai da muka sayi jirgin dominta, tsakanin Itaka da Kefaloniya da Meganisi, inji a kashe, ba ƙarar komai sai ruwa a jikin jirgi. Yawancin gine-ginen Itaka da Kefaloniya sababbi ne, gama girgizar ƙasa ta Agusta 1953 ta rushe kusan komai, sai ƙauyen Fiskardo a arewa ya tsira da tsofaffin gidajensa.

Amma sauƙin iskar shi ya jawo wa wurin cunkoso. Daga tsakiyar Yuni jiragen haya suka cika ko'ina, waɗansu goma-goma suke tafiya da jagora guda. Wanda bai isa Fiskardo kafin azahar ba, ba shi da gurbi. Rikicin sarƙoƙi yana nan yadda muka bar shi, har ya fi. Mun ga mutane suna jefa anka a kan ciyawar teku da doka ta kare, wadda ƙananan kifaye ke girma a cikinta, su tumɓuke ta da safe ko a jikinsu. Mazauna wurin kuma ba su manta da guguwar Satumba 2020 ba, wadda ta nutsar da jirage a cikin tashoshin da ake ganin ba abin da zai taɓa su. Mu dai mun koma kwana a lunguna, mu jefa anka, mu ɗaure doguwar igiya a dutsen gaɓa, mu sa mazurari a igiyar saboda ɓeraye. Zanzaro kuwa, in an buɗe kwalbar zuma, sai a ce gayyatarsu aka yi.

A tsakiyar Yuli muka bi mashigin Lefkada, muka jira gadarsa mai iyo ta juya ta ba mu hanya, muka isa Pirebeza. A bakin wannan ruwa ne Oktabiyan ya ci rundunar Antoni da Kiliyobatira a shekara ta 31 kafin haihuwar Almasihu, ya gina birnin Nikafolis domin tunawa da nasararsa. Shi ne Oktabiyan ɗin da ya zama Kaisar Augustas. Kangon birnin yana 'yan kilomitoci arewa da gari, mun je da keke. A wasiƙarsa zuwa ga Titus, a nan ne Bulus ya ce ya yi niyyar cin lokacin sanyi. Har yanzu wurin cin lokacin sanyi ne, gama a ƙetaren ruwan akwai filayen da ake jera jirage a kan tudu, ɗaruruwa a layi, jigunansu kamar dajin da ya kaɗe ganye.

Kafin a fitar da namu muka shiga tekun Ambarakiya da ke bayan garin muka yi kwana huɗu. Ruwansa ba garau ba ne, saboda haka 'yan haya ba sa zuwa. Kifayen dolfin suka raka mu, wata kififiya babba ta ɗago kai kusa da mu ta yi numfashi kamar tsoho ya hau tudu. Daga nan ne muka buga wa mai tayin waya muka ce ya nemi wani jirgin.

Ranar 22 ga Yuli injin ɗaga jirage ya ciro namu daga ruwa. Muka wanke filafilai da ruwan daɗi, muka naɗe, muka zuba wa inji sabon mai, muka toshe kowace kafa saboda ƙwari. Kuɗin ajiyarsa na shekara ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka nema a wurinmu a Turkiyya. Kashegari aka buga mana hatimin fita a filin jirgin sama, kwana 88 cikin 90. Yaya ta ga hotunan. Ta daɗe a kan na wankin ƙafa a Batmusa, ta tambaya ko ruwan da ke cikin tasar na gishiri ne, sa'an nan ta koma kan maganar gida, ta ce filin da ke kusa da nata har yanzu ba a sayar ba.